Baƙin Allo da Tambayar Inna

Inna ba ta kiran sunan Yaya. Ɗan fari ne, ita kuma mutuniyar da ce, mai tsananin kara. In za ta yi maganarsa sai ta ce "ɗan'uwanki", ko kuma "na Abujan nan". Tun tasowata a Dagumawa ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai wata asuba a makon farko na Satumbar 2018, da ta kusa faɗa, ta kama bakinta a harafin farko.

Yaya direban tifa ne a Mpape, unguwar nan ta kan duwatsu da ke gefen Abuja, inda ake fasa dutse ana sayar da tsakuwa. Shi ne ya kira wayata ana shirin sallar asuba. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba, ya ce, "Auta, ƙasa ce ke motsi a nan. Tun jiya muke waje." Na ce ko nakiyar masu fasa dutse ce. Ya ce shekara nawa yana jin nakiya, ya san ƙararta, wannan daga ƙarƙashin ƙafa take fitowa, kwanuka na kaɗawa a ɗaki, bango na amsawa.

Inna na kan tabarma tana jin komai. Da ya kashe wayar ta dube ni ta ce, "To ke da kike karatun abin, faɗa mini. Ya dawo gida ko ya zauna?"

A lokacin ina aji biyu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda daga baya aka sa wa sunan Aliko Ɗangote, ina karanta fiziks. Na haddace dokokin Newton, na san lissafin igiyar sauti a takarda. Amma tambayar Inna ta same ni fayau. Na buɗe baki na rufe. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, a ranar da ake maganar tsagewar ƙasa. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Mu yi ta addu'a, Inna." Ta ce, "Wannan ai ba sai an je jami'a ba."

Inda mai ilimi ya yi shiru, wani ne zai yi magana. Kafin azahar wani saƙon murya ya zagaye wayoyin unguwarmu. Mutumin bai faɗi sunansa ba, amma muryarsa cike da tabbaci, yana cewa masana sun ce nan da kwana uku Abuja za ta nutse. Duk wanda ya yi wayo a 2014 zai tuna daren da aka tashe mu da waya aka ce a yi wanka da ruwan gishiri a sha saboda Ebola, har wasu suka kwanta a asibiti. Irin wannan muryar ce ta dawo. Inna ta kwana uku ba ta cin abincin kirki. Yaya ya zauna, don mai motar ya ce in ya tafi kada ya dawo. Hukumomi suka dakatar da fasa dutse da haƙar rijiyar burtsatse a yankin na wani lokaci, motsin ya lafa, mutane suka koma ɗakunansu. Kowa ya manta, ban da ni. Tambayar ta zauna mini a wuya kamar ƙayar kifi.

Shekara biyar suka wuce. Na gama karatu, na yi hidimar ƙasa, na samu koyarwa a wata sakandare da ke kusa da mu. A daren Juma'a 8 ga Satumba, 2023, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 6.8 ta afka wa tsaunukan Atlas a Maroko, kudu maso yammacin Marrakesh. Kusan mutum 3,000 suka rasu. Da na ga hotunan a waya jikina ya yi sanyi, domin ƙauyukan da suka rushe ginin laka ne da dutse, masu kama da namu. Ranar Litinin wata ɗaliba ta ɗaga hannu a aji ta ce, "Malama, a nan ma za a iya yi?" Na ga fuskar Inna a fuskarta. Da aka tashi na rubuta wa wani tsohon malamina saƙo na ce, "Allah ya gafarta Malam, ina so in koyi karanta girgizar ƙasa da kaina. Ta ina ake farawa?"

Amsarsa gajeriya ce: "Ki nemi kwamfuta, ki sa mata Linux, ki koyi baƙin allo. In kin iya shiga jaka da fita, ki dawo mu yi maganar SAC."

Na haɗa kuɗin adashe na sayi kwamfutar cinya ta hannu a Kano. Wani ɗan ajinmu na da ya sa mini Ubuntu da filashi, ya nuna mini inda ake buɗe baƙin allon, ya kama gabansa. Mai karatu, in ba ka taɓa ganinsa ba, ga kamanninsa: fili ne baƙi, babu hoto, babu maɓallin da za ka latsa, sai sunanka da alamar dala da wani ɗan sanda yana ƙyafta ido yana jira. Mu da muka saba da waya, inda komai an zana mana shi, sai mu dangwala, wannan abin tsoro ne. A nan sai ka rubuta abin da kake so, harafi da harafi, ka danna shiga. In ka yi daidai a yi maka. In ka kuskure ko da ɗigo ne, a ce ba a san zancen ba.

Kalmomi huɗu na fara koya, na rubuta su a bayan rajistar aji. Akwai pwd, wadda ke gaya maka inda kake tsaye a cikin kwamfutar. Akwai ls, wadda ke jero maka abin da ke wurin. Akwai cd, ta shiga jaka, da mkdir, ta ɗinka sabuwar jaka. Da su ne na fara gane cewa kwamfuta gida ce mai ɗakuna, ɗaki a cikin ɗaki, kuma dole ka san wanda kake ciki kafin ka aiki wani ya ɗauko maka kaya.

Kuskurena na farko abin dariya ne. Na buɗe jaka na sa mata suna "girgizar ƙasa", sannan na ce a shiga, aka ƙi. Na kwana ina zargin ƙugiyar ƙ. Ashe ba ruwanta, tazarar da ke tsakanin kalmomin biyu ce, don baƙin allo na ɗaukar kowace tazara a matsayin ƙarshen magana. Haka kuma babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurinsa. Na sauya sunan ya koma "girgiza" kawai, ƙofa ta buɗe. Ranar na yi murna kamar wadda aka ba kyautar saniya a karar Wudil.

SAC manhaja ce ta nazarin bayanan girgizar ƙasa. An ƙirƙire ta a ɗakin bincike na Lawrence Livermore da ke Kalifoniya a Amurka, ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma har yau masana na aiki da ita. Ba a sayar da ita, amma a lokacin sai ka cike takardar neman izini a intanet, a turo maka ta imel. Ƙungiyar IRIS ce ta daɗe tana rabawa, wadda a 2023 ta haɗe da wata suka zama EarthScope. Akwai 'yan'uwanta. SEISAN ta fito daga jami'ar Bergen a Norway, Jens Havskov da Lars Ottemöller ne suka raine ta. ObsPy kuma ta masu yaren Python ce. Malam ya ce in fara da SAC domin umarninta gajeru ne, kuma ba ta cin ƙarfin kwamfuta.

Sauke ta bai ɗauki lokaci ba. Sa ta ta amsa kira ne ya cinye mini mako biyu. In na rubuta sac sai a ce ba a san wannan umarni ba, alhali ga ta nan ina ganinta a jaka. Wuta ba ta zama a wurinmu, batirin kwamfutar kuma awa ɗaya da rabi yake yi, don haka kullum da yamma ɗan Yaya ke kai ta shagon mai caji da sola ya dawo da ita bayan magariba. Awa ɗaya da rabin nan nake da ita a rana, bayan na gama makin littattafai. Da na gaji na kai ƙara wurin Malam, ya ce, "Kin kawo baƙuwa gida ba ki gaya wa mutanen gida ɗakin da ta sauka ba." Ashe akwai wani ɓoyayyen fayil mai suna .bashrc, inda ake rubuta wa kwamfuta adireshin manhajar da wurin da kayan aikinta suke. Layi uku ne kacal. Na rubuta su, na rufe allon na sake buɗewa, na rubuta sac. Alamar dala ta ɓace, SAC> ta fito.

Umarnin farko da kowane ɗan koyo ke bayarwa shi ne fg seismogram, sannan p. Na farkon yana ɗauko wani ɗan samfuri da ke cikin manhajar, na biyun yana zana shi. Taga fara ta buɗe, ga layi ya miƙe shiru, sai ya yi tsalle sama da ƙasa, sannan ya lafa a hankali. Wata ƙaramar girgiza ce da aka naɗa a Kalifoniya a 1981, tsawon daƙiƙa goma, lambobi 1,000. A nan na fahimci abin da ban gane ba duk shekarun jami'a: zanen girgizar ƙasa jerin lambobi ne kawai. Na'urar da aka binne tana tambayar ƙasa sau ɗari a daƙiƙa, "kin motsa?", tana rubuta amsa. Duk aikin masani shi ne ya karanta amsoshin ba tare da ya sa musu baki ba.

Daga nan na nemi ta Maroko. Tashoshi da yawa na duniya suna sakin bayanansu kyauta, kuma akwai shafin Wilber inda za ka zaɓi girgiza, ka zaɓi tasha, a haɗa maka fayil. Na duba taswirar tashoshin, na ga Turai da Amurka cike da ɗige-ɗige kamar an watsa gero, yankinmu kuwa sai ɗai-ɗai. Idona ya tsaya a kan TAM, wato Tamanrasset ta kudancin Aljeriya, ɗaya daga tashoshin GEOSCOPE na Faransa. Sunan ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Mutanenmu da na Nijar nawa ne suka bi ta Agadas suka je can neman abinci? Na zaɓe ta saboda sabo.

Fayil uku aka ba ni, domin na'urar na auna motsi ta fuska uku: sama da ƙasa, kudu da arewa, gabas da yamma. Na karanta su da r, sannan na rubuta lh. Wannan umarnin yana nuna goshin fayil, wato kamar takardar haihuwarsa: sunan tasha, inda take, sau nawa take awo a daƙiƙa, da nisanta daga inda ƙasa ta tsage, wanda ya haura kilomita 1,600. Sai na ga an rubuta lokacin girgizar 22:11, alhali rediyo ta ce bayan sha ɗaya na dare aka yi ta. Na ɗauka wata girgizar na sauke, har na fara jin haushin datar da na ƙona. Ashe masu wannan ilimi da agogo ɗaya suke aiki a duk duniya, agogon GMT, mu kuma muna gabansa da awa ɗaya. Ko kwanan wata ba sa cewa 8 ga Satumba, sai su ce rana ta 251 a shekara.

Kafin a karanta zane sai an gyara shi, kuma duk matar da ta taɓa tuƙa tuwo za ta gane matakan. Da rmean ake mayar da layin kan sifili, kamar yadda mai awo ke daidaita sikeli kafin ya ɗora kaya. Da rtrend ake miƙe shi in ya karkace. Da taper ake kalmashe bakinsa biyu, kamar bakin zane, don kada ya zare wajen aiki. Sai bp, wadda ita ce rariya. Kai ne za ka faɗi girman idonta, ta tankaɗe motsin da ya fi sauri da wanda ya fi nawa, ta bar maka na tsakiya. A nan na yi kuskure na biyu, mai tsada. Bayan na tankaɗe da rariyar da ba ta dace ba, na rubuta write over, wato a rubuta a kan na asali. Ba a tambaye ni ko na tabbata ba. Baƙin allo ba ya tambaya. Fayilolina na asali suka tafi, sai da na jira albashi na sayi data na sake saukewa. Tun ranar nake ajiye na asali a jaka daban, ba na taɓa su, kamar irin shuka a rumbu.

Da zanen ya fito sosai, na ga abin da littafi ya daɗe yana faɗa mini. Idan ƙasa ta tsage, igiyoyi iri-iri ne ke tashi lokaci guda, amma gudunsu ba ɗaya ba ne. Ta farko, da ake kira P, tana tura dutse gaba da baya, tana cin kimanin kilomita 6 a daƙiƙa a ɓawon ƙasa, ta fi haka in ta nutsa ciki. Ta biyu, S, tana kaɗa shi gefe da gefe, gudunta bai kai kilomita 4 ba a ɓawon. A bayansu manyan igiyoyi masu bin doron ƙasa ke tahowa. Kamar walƙiya da cida ne: tare suke tashi, amma tazarar da ke tsakanin gani da ji ita ke gaya maka nisan hadarin. In girgizar ta kusa ce, ka ƙirga daƙiƙoƙin da ke tsakanin P da S ka ninka sau takwas, ka samu kimanin nisan a kilomita. In ta nesa ce akwai jadawalin da ake dubawa. Tasha ɗaya nisa take ba ka. In ka samu uku, ka zana da'ira uku a taswira, inda suka haɗu nan ne wurin.

Na rubuta ppk, na kai ɗan sandan daidai inda layin ya fara karyewa, na danna p. Kimanin minti uku da rabi igiyar farko ta yi daga Atlas zuwa Tamanrasset. Sai wani tunani ya zo mini. Na auna nisan wurin daga Wudil, ya kusa kilomita 2,800, na duba jadawali. Minti biyar da rabi, ko ƙasa da haka kaɗan. Wato a daren Juma'ar nan, wajen ƙarfe 11:16, lokacin da manyan motocin shanu ke ta fita daga kasuwa suna haye gada, igiyar da ta taso daga inda gidaje ke rushewa a kan mutane ta ratsa ta ƙarƙashin Dagumawa, ta ƙarƙashin gadon Inna. Motsin ya yi ƙanƙantar da jiki ba zai ji ba, amma ya wuce. Na daɗe zaune ina kallon allon har batir ya mutu.

A watannin da suka biyo baya na karanta dalilin da ya sa muke zaune lafiya. Ɓawon duniya kamar fasasshiyar ƙwarya ce da aka ɗinke, manyan girgizoji a bakin ɗinkin suke aukuwa, inda ɓangarori ke gugar juna. Mu muna tsakiyar ɓangaren Afirka, a kan tsohon dutse, ɗinkin yana can tsakiyar tekun Atlantika da wajen Bahar Rum. Amma tsohuwar ƙwarya ba ta rasa tsohon tsagu. A Yunin 1939 girgiza ta yi ɓarna a Accra ta Gana. A Disambar 1983 wata ta kashe ɗaruruwan mutane a arewa maso yammacin Gini. A gida an ji motsi a Ijebu-Ode a 1984, an ji a Kwoi ta jihar Kaduna a Satumbar 2016. Akwai cibiya a Toro ta jihar Bauchi, ƙarƙashin hukumar sararin samaniya ta ƙasa, da aikinta ya haɗa da sauraron irin wannan motsi. Na kuma koyi cewa maki ba kamar kwanon awo yake ba. Ƙarin maki ɗaya na nufin ƙarfin ya ninka kusan sau 32. Motsin Mpape na 2018 bai wuce maki 3 da 'yan kai ba, don haka ta Maroko ta ninka shi sau dubu ɗaruruwa.

Na fara jin kaina. Nan ne kuma na kusa faɗawa rami.

A tsakiyar Satumbar 2024, daren Litinin ɗin hutun Maulidi, Yaya ya sake kira bayan sha ɗaya na dare. "Auta, abin nan ya dawo." Wannan karon ban tsaya ba. Da bayanan suka samu na sauke na Tamanrasset na daren, na cire awa ɗaya, na buɗe. Babu komai sai ɗan kaɗawar da ba ta rabuwa da kowane zane. Na sa rariya, babu. Na sauya idonta, babu. Na yi ta sauyawa, sau goma ko fiye, har a wani tankaɗe na ga wani ɗan tudu ya ɗago. Gabana ya faɗi don murna. Na ja masa jan layi, na ɗauki hoton allon da waya, na rubuta a ƙasa, "Ga girgizar Mpape, har Aljeriya an ji ta." Na buɗe zauren WhatsApp na danginmu, mutum sama da sittin. Yatsana na kan turawa sai na ce bari Malam ya fara gani, ya san ɗalibarsa ta ƙware.

Bai yaba ba. Tambaya biyu ya yi. Ta farko: "Daga Abuja zuwa tashar nan ya haura kilomita 1,500. Minti nawa ya kamata igiyar farko ta yi, kuma tudun naki a minti na nawa yake?" Na duba. Ya kamata ta iso bayan minti uku da 'yan daƙiƙoƙi da kiran Yaya ya nuna, tuduna kuwa ya makara da kusan kwata na awa. Ta biyu: "Ki sa wannan rariyar a kan daren jiya da na shekaranjiya, ki gaya mini abin da kika gani." Na sa. Ga irin tudun nan, har uku a dare ɗaya.

Ya ce, "Malama, ƙaramin motsi irin wannan da wuya ya kai can ya fi hayaniyar ƙasa. In kin daɗe kina tankaɗe, za ki samu abin da ranki ke so." Ya bayyana mini cewa ƙasa ba ta taɓa yin shiru. Igiyar teku da ke dukan gaɓa tana sa ta rawa dare da rana, kuma na'ura na jin wannan ko a tsakiyar Sahara. Har akwai wani bugu da ke fitowa daga mashigin tekun Gini, kusa da gaɓar Bonny, duk bayan daƙiƙa 26, wanda wani masani Ba'amurke, Jack Oliver, ya ba da rahotonsa tun farkon shekarun 1960, masana kuma na ta muhawara ko igiyar ruwa ce ko aikin dutse mai aman wuta.

Na goge hoton. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tunanin abin da zai faru da na tura. Da kafin la'asar ya fita daga zauren dangi ya shiga ɗari, da jan layinsa, da sunan "wata masaniya 'yar Wudil". Da na zama mai saƙon muryar 2018, sai dai ni nawa ya fi nasa haɗari, don yana sanye da rigar ilimi. Manhajar ba ta yi mini ƙarya ba. Abin da na ce ta yi shi ta yi. Ni ce na je da amsata a hannu ina neman tambayar da za ta dace da ita.

Da daddare Inna ta kira ni ɗakinta. Ta tsufa a shekara shidan nan, ido ya yi rauni, amma tambayar ba ta sauya ba. "To, 'yar baƙin allo. Ya dawo ko ya zauna?"

Na zauna a bakin gadonta na ce, "Inna, abu uku zan faɗa miki, su kaɗai na sani. Na ɗaya, babu wani masani a duniya, ko a Japan ko a Amurka, da zai iya faɗin ranar da ƙasa za ta girgiza. Duk wanda ya sa rana, ƙarya yake. Na biyu, hukumar binciken ƙasa da ke da na'ura a Abuja ta ce motsin ƙarami ne, kuma irinsa aka yi a wancan karon ya wuce. Na uku, a Maroko gini ne ya kashe yawancin mutane. Ɗakin da yake kwana, wanda ya ce bangonsa ya tsage tun wancan karon kuma yana gindin dutse, shi ne abin tsoro. Ya zauna a kan aikinsa, amma ya tashi daga ɗakin."

Ta yi shiru tana jan carbi. Can ta ce, "Na farkon ai ni ma na sani, sanin gaibu sai Allah. Shekara nawa kina danne-danne ki zo mini da abin da ke cikin Izazul?" Ta yi 'yar dariya. Sannan ta miƙo mini wayarta. "Kira shi. Zancen ɗakin nan, da bakina zan faɗa masa." A ƙarshen watan Yaya ya koma wani ɗaki a gangare, mai rufin kwano mara nauyi. Inna ce ta cika masa kuɗin hayar da kuɗin tunkiyarta.

Ga ƙannena da za su so bin wannan hanya, ba a buƙatar sabuwar kwamfuta, tsohuwa ma ta isa. Ku fara da kalmomi huɗun nan har su zauna a yatsa. Ku fara da babbar girgiza wadda duniya ta san lokacinta da wurinta, don ku gane kamannin gaskiya kafin ku shiga neman ƙanana. Ku lissafa lokacin da ya kamata igiya ta iso kafin ku buɗe zanen, ku rubuta a takarda. Ku ajiye littafi kuna rubuta duk umarnin da kuka bayar, har da waɗanda suka ƙi. Kada ku taɓa fayil na asali. Kuma ku samu wanda zai yi muku tambayar da ba ku so, domin matambayi ba ya ɓata, amma wanda ba a tambaya shi ke ɓatar da jama'a.

Yanzu duk ranar Alhamis bayan an tashi, ɗalibai bakwai ke zama tare da ni a kewaye da kwamfutar nan guda. Yarinyar da ta yi mini tambaya a aji ita ce ta fi kowa saurin yatsa. Mun ji labarin wata ƙaramar na'ura, Raspberry Shake, da makarantu a wasu ƙasashe ke ajiyewa a ɗaki tana aika bayani ta intanet, mun buɗe asusu muna tara kuɗinta naira ɗari-ɗari. Da sauran tafiya. In Allah ya nufa muka same ta, na san abin da za ta fi naɗa: motocin shanu ranar Juma'a, injin niƙa, da sawun yara in an tashi tara. Na gaya musu hakan tun yanzu, kuma na ce shekarar farko ba za mu nemi girgiza ba. Za mu zauna ne mu koyi yadda ƙasar Dagumawa ke motsi a ranar da babu abin da ya faru.